Yadda Iyali Suka Shiga Cikin Zanen Bagadi a Turai

Tun kafin zamanin da Turawa ke kira Renesans, attajirin da ya biya kuɗin zanen da ake sawa a bagadin majami'a, wato teburin ibada da ke gaba, yakan nemi a saka shi a ciki, amma a ƙasa can gefe, ɗan ƙarami, yana durƙushe. A ƙarni na 15 ne abin ya sauya. Wajen 1427 mai zane Masaccio ya zana miji da mata da suka biya kuɗin aikin a cikin zanen gicciye Yesu a cocin Santa Maria Novella da ke Florence ta Italiya, girmansu ɗaya da na tsarkakan da ke tsaye a gindin gicciye.

Daga nan sai 'ya'ya suka biyo iyayensu. Tommaso Portinari, wakilin bankin iyalin Medici na Florence a birnin Bruges da ke Beljiyam ta yau, ya sa Hugo van der Goes ya yi masa zanen haihuwar Yesu wajen 1475, inda shi da 'ya'yansa maza biyu suke hagu, matarsa Maria da 'yarsu kuma suke dama. A 1484 mai zane Hans Memling ya jera wa Willem Moreel, wani attajirin Bruges, 'ya'ya maza 5 a bayansa, mata 11 kuma a bayan mahaifiyarsu, kowa yana addu'a.

Wasu na ganin wannan duk alfahari ne da nuna dukiya, kuma ba a rasa hakan ba. Sai dai wanda ya tsaya gaban zanen da Hans Holbein ya yi wa Jakob Meyer, tsohon magajin garin Basel da ke Switzerland, tsakanin 1526 da 1528, zai ga wani abu da ya fi alfahari nauyi. Budurwa Maryamu ta shimfiɗa mayafinta a kan mai gidan, kusa da ita kuwa ga matarsa ta fari, Magdalena, wadda ta rasu tun 1511, tana durƙushe da lulluɓi har haɓa, tare da matarsa ta biyu da 'yarsa Anna. A ganina, a nan ne ainihin manufar waɗannan zane-zane take, domin mutumin ya ƙi barin mutuwa ta raba gidansa a gaban Allah, yana kuma son duk mai shigowa ibada ya sa su a addu'a.

Meyer ya tsaya kan ɗarikar Katolika a lokacin da garinsa ke juya mata baya. A watan Fabrairun 1529 jama'a suka afka wa majami'un Basel suna farfasa siffofi da hotuna, amma wannan zanen ya tsira.