Mongolawa, Fatake da Yaɗuwar Musulunci

Daular Mongolawa, waɗanda malaman tarihi na Larabawa suka fi kira Tattar, ita ce daula mafi faɗi da aka taɓa kafawa a dunƙule a doron ƙasa. Ta soma ne a 1206 lokacin da ƙabilun makiyaya na Mongoliya suka yi wa Temujin mubaya'a suka laƙaba masa Jangis Khan, kafin ƙarnin ya ƙare kuwa ikonsu ya kama tun daga Koriya har gabashin Turai. Yawancinmu abun da muka sani a kansu bai wuce rushe Bagadaza ba, kuma wallahi an yi ɓarnar, ba ƙari a ciki. Amma akwai ɗaya ɓangaren da ba a cika faɗa ba, wato tun ranar farko mutanen nan a hannun fatake Musulmi suke, kuma ta wannan hanyar ta fatauci ne addinin da suka zo suka tattaka ya shige musu gida, har rassa uku cikin huɗun da daular ta rabu a kai suka musulunta.

Makiyaya da fatake

Bamongole yana da doki da tumaki da raƙumi, amma baya saƙa tufafin alfarma, baya noma sosai, ƙarfe ma sai an kawo masa. Shi kuma sarkin makiyaya mulkinsa a kan kyauta yake tsaye, in bai raba wa jarumansa riguna masu zaren zinariya ba gobe sai su koma bayan wani. To wa zai kawo kayan? Sai fatake, kuma manyan fataken tsakiyar Asiya a lokacin Musulmi ne daga Bukhara da Samarkand da Khawarizm, sai 'yan Uigur.

Tun kafin Temujin ya zama wani abu, a 1203 lokacin da aka ci shi da yaƙi ya fake a bakin ruwan Baljuna da ɗan ragowar mutanensa, tarihin da Mongolawa suka rubuta da kansu ya ambaci wani falke mai suna Hasan da ya iso wurin a kan farin raƙumi yana koro raguna dubu, yana neman ya musanya su da fatun namun daji. Irin waɗannan mutane ne suka zama idonsa da kunnensa, su ne jakadu, su ne tafinta, su suka san wace rijiya ke da ruwa a wane wata kuma wane gari ne ganuwarsa ta tsage.

Otrar, 1218

Yaƙin da ya cinye ƙasashen Musulmi na gabas a kan ayari ya tashi. A 1218 Jangis Khan ya tura ayarin fatake wajen 450, kusan dukkansu Musulmi, zuwa ƙasar Sultan Muhammad na Khawarizm. Da suka sauka a Otrar, garin kan iyaka a Kazakhstan ta yanzu, sai gwamnan garin Inalcik ya ce 'yan leƙen asiri ne, ya sa aka kashe su aka kwashe hajarsu. Jangis ya aika jakadu a miƙo masa gwamnan, Sultan ya kashe babban cikinsu ya sa aka aske wa sauran gemu. Wannan ganganci ne mai girman gaske, dan a wajen Mongolawa taɓa jakada ba shi da kaffara.

A 1219 rundunar ta taso. Bukhara, garin Imamu Bukhari, ta faɗi a 1220, Samarkand ma a shekarar, sai Marw da Naisabur a 1221. Malamin tarihi Juwaini ya rawaito cewa a babban masallacin Bukhara an zazzage akwatunan Alƙur'ani aka mayar da su wurin zuba wa dawaki abinci. Ibnul Asir, wani malamin tarihin wanda yana raye a lokacin, ya ce shekaru ya yi yana kasa ɗaukar alƙalami ya rubuta labarin, har yana fatan da mahaifiyarsa bata haife shi ba. Bayan shekara kusan arba'in Hulaku jikan Jangis ya ci Bagadaza a 1258, ya kashe Halifa Musta'asim, daular Abbasiyawa ta shekara ɗari biyar ta zo ƙarshe a Iraƙi. Sai a 1260 ne Mamalik, bayin soja masu mulkin Masar, ƙarƙashin Ƙuɗuz da Baibars suka taka musu birki a Ainu Jalut cikin Falasɗinu.

Yadda suka tafiyar da kasuwanci

Ko a tsakiyar kisan nan, masu sana'ar hannu ba a cika kashe su ba, ware su ake yi a kora su gabas, masaƙa da maƙera da magina. Da ƙura ta lafa kuma sai ga shi waɗanda aka damƙa wa riƙon garuruwa Musulmi ne, kamar Mahmud Yalawaj da ɗansa Mas'ud Beg da suka riƙe yankin Bukhara da Samarkand tsawon shekaru.

Tsarin da ya fi komai tasiri shi ne na ortok. Ɗan sarki ko gimbiya za su ɗauko azurfar ganima su ba falke jari, ya je ya juya ya dawo a raba riba, kamar dai yadda Alhaji a Kantin Kwari ke ɗora yaronsa a kan dukiya, sai dai shi wannan ubangidan nasa yana da runduna. Falken da ya samu wannan matsayi haraji ya yi masa sauƙi, kuma ba mai tare shi a hanya. Ogodai, ɗan Jangis da ya yi mulki daga 1229 zuwa 1241, an san shi da biyan fatake fiye da kuɗin da suka yanka wa kayansu, da gangan, dan labari ya bazu kowa ya nufo Karakorum, babban birninsu. Talakawan da aka ci da yaƙi su suka ɗauki nauyin wannan karamci, musamman a arewacin Sin inda wasu 'yan ortok suka koma ba da bashi da ruwa mai tsanani, wannan ma dole a faɗa.

Sai kuma yam, wato zango-zango da aka jera a kan manyan hanyoyi, kowanne da dawakai hutattu da abinci, manzo ya iso ya sauya doki ya wuce ba tsayawa. Mai ɗauke da paiza, wani ɗan allo na katako ko azurfa ko zinariya da ake ratayawa, duk zangon da ya je sai an sauke shi. Wani ɗan kasuwar Italiya mai suna Pegolotti ya rubuta wajajen 1340 cewa, bisa abun da fatake ke faɗa, hanyar Tana a bakin tekun Azov zuwa Sin lafiya lau take dare da rana. Siliki da tangaran suna yin yamma, dawakai da azurfa da kayan ƙamshi da magunguna suna ta kai da kawo. Ba komai ne ya karɓu ba dai, a 1294 an gwada kuɗin takarda irin na Sin a Tabriz, 'yan kasuwa suka rufe shaguna, ba a jima ba aka janye.

Musuluntarsu

Babban sarki na farko da ya musulunta shi ne Barka, jikan Jangis, wanda ya hau mulkin reshen arewa a bakin kogin Volga wajajen 1257. Wata ruwaya ta ce fataken ayarin Bukhara ne ya zauna da su yana ta tambayarsu addininsu, wata kuma ta danganta abun ga Shehu Saifuddin Bakharzi, malamin ɗariƙar Kubrawiyya a Bukhara. Ruwayoyin biyu ba sa karo da juna a ganina, domin falke da sufi hanya ɗaya suke bi, zawiyya ɗaya suke kwana. Barka ya yi fushi da abun da ɗan'uwansa Hulaku ya yi wa Halifa, ga kuma rigimar wuraren kiwo na Azarbaijan a tsakaninsu, a 1262 suka gwabza. Ya ƙulla ƙawance da Baibars, shi kuwa Baibars asalinsa bawa ne ɗan ƙabilar Kifcaƙ daga yankin mulkin Barka, kuma ta tekun Bahar Aswad ake ci gaba da kai wa Masar samarin da take mayarwa sojoji. Addini da siyasa da ciniki duk a ƙulle suke a nan.

A Farisa abun ya ɗan ja lokaci. Ahmad Tegudar, ɗan Hulaku, ya musulunta ya yi mulki daga 1282 zuwa 1284 aka kashe shi. Sai a 1295 Ghazan, wanda ya taso cikin addinin Buddha, ya yi kalmar shahada a hannun Shehu Sadruddin Ibrahim Hamuya bisa shawarar kwamandansa Nauruz, ya ɗauki sunan Mahmud. Abun lura shi ne sojoji da dama sun riga shi shiga, sun auri matan gari, 'ya'yansu sun tashi da salla, dan haka ba daga sama kawai abun ya sauko ba. Wazirin Ghazan, Rashiduddin, likita ɗan Hamadan wanda asalinsa Bayahude ne ya musulunta, shi ya haɗa Jami'ut Tawarikh, tarihin duniya da ya ƙunshi har na Sin da Indiya da Turawa. Amma musuluntar bata hana Ghazan kai wa Sham hari a 1299 ba, har Ibn Taimiyya ya je sansaninsa ya yi masa magana ido da ido, daga baya kuma ya ba da fatawar a yaƙe su saboda suna riƙe da dokokin Jangis tare da Shari'a. Sulhu da Masar sai a 1323 zamanin Abu Sa'id, sarkin reshen Farisa.

A arewa Uzbek Khan, 1313 zuwa 1341, shi ya tabbatar da Musulunci a matsayin addinin daula. Matafiyin nan ɗan Maroko Ibn Batuta ya je birninsa Sarai ya ce ya tarar da masallatan Juma'a 13, ga unguwa guda mai katanga ta fataken Iraƙi da Masar da Sham, ya kuma ba da labarin yadda ake kora dawakai zuwa Indiya garke-garke, garke ɗaya ya kai dubu shida. A reshen Cagatai na tsakiyar Asiya kuwa Tarmashirin ya musulunta amma manyan gidansu suka yi masa tawaye suka kashe shi a 1334, sai daga baya abun ya zauna.

A ƙasar Sin

Reshen Kublai Khan ne kaɗai bai musulunta ba, ya karkata ga Buddha. Duk da haka a zamaninsu ne Musulmi suka yi yawa a Sin fiye da da, saboda Mongolawa basu yarda da 'yan ƙasa ba sai suka riƙa ɗauko baƙi su ba su haraji da baitulmali. Sayyid Ajall Shamsuddin, mutumin Bukhara, ya yi gwamnan Yunnan daga 1274 har rasuwarsa a 1279, ya yi aikin madatsun ruwa da har yanzu ake tuna shi da su, kuma Musulmin Yunnan da yawa suna danganta kansu da shi. A tashar jiragen ruwa ta Kwanzhou, wadda Larabawa ke kira Zaitun, harkar fito tana hannun Pu Shougeng, shi ma Musulmi.

Akwai wani labari da ke nuna ƙarfin fataken nan. Mongolawa ba sa yanka, tsaga ƙirjin dabba suke yi su zura hannu su tsayar da zuciyar dan kar jini ya zuba ƙasa. Wasu fatake Musulmi suka ƙi cin naman da Kublai ya ba su a fada, ya fusata ya haramta yankan Musulunci a 1280. Fatake suka daina zuwa, kuɗin shiga ya ragu, a 1287 aka soke dokar.

Rushewar tsarin

Hanyar da ta kawo siliki ita ta kawo annoba. A 1346 cutar ta ɓarke cikin rundunar Mongolawa da ta kewaye garin Kaffa a Kirimiya, a 1347 jiragen ruwa suka kai ta Iskandariyya da Sisili, a 1348 Ibn Batuta ya tarar da ita a Dimashƙ. Daular Farisa ta riga ta wargaje bayan mutuwar Abu Sa'id a 1335, a 1368 kuma Sinawa suka kori Mongolawa, manyan fatake suka ƙara karkata ga hanyar teku.

Dawakan Mongolawa basu taɓa taka Afirka ba, amma tasirinsu ya iso. Bayan faɗuwar Bagadaza Baibars ya naɗa wani Ba'abbase halifa a Alƙahira a 1261, malamai da 'yan kasuwa suka yi ta kwarara can, ita ce Alƙahirar da Mansa Musa ya sauka a cikinta a hanyarsa ta Hajji a 1324. Shi kuma Ibn Batuta, bayan Sarai da Indiya da Zaitun, ya ƙetaro Sahara zuwa Mali a 1352, a 1353 ya sauka Takedda a ƙasar Nijar ta yanzu, inda ya ga ana narka tagulla ana yin ta sanda-sanda, ya kuma rubuta cewa daga nan ake kai ta Gobir da Barno.