19 (albam ɗin Adele)

19 shi ne albam na farko da mawaƙiyar Ingila Adele ta fitar, ranar 28 ga Janairu 2008, a ƙarƙashin kamfanin XL Recordings na Landan. Sunan daga shekarunta ya samo asali, don tana da shekara 19 lokacin da ta rubuta yawancin waƙoƙin, kuma haka ta ci gaba da yi daga baya da 21 da 25 da 30. Cikakken sunanta Adele Laurie Blue Adkins, an haife ta 5 ga Mayu 1988 a unguwar Tottenham, mahaifiyarta ce ta rene ta ita kaɗai.

Ta gama makarantar BRIT School da ke Croydon a 2006, wato makarantar koyon waƙa da wasan kwaikwayo, sai aka ɗora wasu waƙoƙin gwaji da ta yi a shafin MySpace, mutanen XL suka ji suka neme ta, kafin shekarar ta ƙare ta sa hannu da su.

Waƙoƙi 12 ne a ciki, kuma kusan duk tafiyarsu ɗaya, ba kiɗan rawa ba ne, ba kuma mai sanyin da zai sa mutum gyangyaɗi ba, tsaka-tsaki ne dai, irin wanda ake barin murya ta ja gaba kiɗa na biye da ita a hankali. Waƙar buɗewa Daydreamer kusan daga jita sai muryarta. Nan ne ma ƙarfin albam ɗin yake gaskiya, yarinya ƙarama amma murya mai kauri da ɗan kaushi kamar ta wadda ta daɗe a duniya, ita da kanta ta sha faɗin cewa faya-fayen Etta James da Ella Fitzgerald ne suka koya mata yadda ake sarrafa murya. Jigon kuwa soyayya ce da ta lalace, da kishi, da son wanda bai damu da kai ba. Jim Abbiss ne furodusan mafi yawan waƙoƙin, Eg White ya yi wasu, Mark Ronson kuma ya yi Cold Shoulder, wadda tana cikin 'yan kaɗan ɗin da suke da ɗan zafin ganga.

Hometown Glory, wadda ta rufe albam ɗin, ita ce ta fara fita tun Oktoba 2007, kuma tana da shekara 16 ta rubuta ta bayan mahaifiyarta ta matsa mata ta bar Landan ta tafi jami'a a wani gari. Waƙar son gari ce da fiyano, ba ta saurayi ba, kuma har yau mutane da yawa na ganin babu kamarta a faifan, ni ma haka nake gani. Amma Chasing Pavements ce ta fito da ita duniya, ta kai lamba 2 a jadawalin waƙoƙin Birtaniya, ta rubuta ta ne tare da Eg White bayan ta yi faɗa da saurayinta ta fito tana tafe a titi ita kaɗai tana tambayar kanta ko ta haƙura ko ta ci gaba da bin abin da ba zai kai ta ko'ina ba. Make You Feel My Love kuwa ba tata ba ce, ta Bob Dylan ce ta 1997, ta maimaita ta ne, sai ga shi a 2010 ta haura zuwa lamba 4 bayan masu gasar waƙa ta talabijin X Factor sun riƙa rera ta.

A Birtaniya albam ɗin ya shiga jadawali a lamba 1 kai tsaye, dama an riga an shirya masa hanya, ita ce ta farko da ta samu kyautar Critics' Choice ta BRIT Awards, ta kuma zo ta ɗaya a zaɓen BBC na sabbin mawaƙan 2008. An saka shi cikin masu neman Mercury Prize, kyautar albam mafi kyau na shekara, amma bai ci ba. Masu sharhi sun yaba muryar, wasu suka ce rubutun waƙoƙin bai gama nuna ba, kuma akwai gaskiya a ciki don wasu waƙoƙin tsakiya suna kama da juna. Abin da ya dame ta shi ne yadda jaridu suka dinga haɗa ta da mawaƙan Birtaniya mata Amy Winehouse da Duffy kamar duk abu ɗaya ne.

A Amurka da farko abin bai tashi ba, ga shi ta soke wasu wasanninta na can, sai a Oktoba 2008 da ta fito a shirin talabijin na Saturday Night Live daren da Sarah Palin, 'yar takarar mataimakin shugaban ƙasa a lokacin, ta je, miliyoyi suka kalla, washegari ciniki ya buɗe. A Fabrairu 2009 ta karɓi Grammy biyu, ta sabuwar mawaƙiya mafi fice da kuma ta muryar mace a waƙar pop saboda Chasing Pavements. Da 21 ya fito a 2011 sai 19 ya sake komawa kusa da saman jadawali, don mutane sun koma neman inda ta faro.