Daɓen bahon ruwan ɗumi

Daɓen bahon ruwan ɗumi shi ne shimfiɗar da ake girka babban bahon wanka a kanta a tsakar gida ko bayan ɗaki, domin ta ɗauki nauyinsa kada ƙasa ta lotsa. A Accra, babban birnin Ghana, an fi ganin irin wannan baho a otal-otal da gidajen masu hali, amma magina na unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango sun san aikin, domin kusan daɓe ɗaya ne da wanda suke yi wa tankin ruwa na Polytank.

Asali

Jiƙa jiki cikin ruwan zafi tsohuwar al'ada ce a Japan, inda ake yin bahon da katako. Na zamani ya yaɗu ne daga jihar Kalifoniya ta Amurka wajajen shekarun 1960, lokacin da mutane suka riƙa mayar da tsofaffin gangunan katako wurin wanka. Iyalin Jacuzzi sun fito da famfon motsa ruwa a 1956, sannan a 1968 Roy Jacuzzi ya haɗa famfon da bahon wuri guda. Daga nan sunan gidan ya zama sunan abin a bakin jama'a.

Shi kuwa daɓe ya girmi siminti nesa ba kusa ba. A ƙasar Hausa aikin mata ne, kuma aikin gayya. Ana baza tsakuwa ko marmara a ɗaki, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere kowacce da madaɓinta, suna bugu suna waƙa har ƙasa ta kwanta ta yi sumul. Bayan nan a zuba ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, wanda ke ƙara wa daɓen tauri ya ba shi launin ja mai duhu. Ɗakin amarya ne ya fi samun wannan gata. Da siminti ya zo sai sunan ya bi shi, ake cewa daɓen siminti, kuma darasin matan nan bai canza ba: abin da ba a danne da kyau a ƙasa ba, zai tsage a sama. 

Nauyi

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Baho mai faɗin mita 2 kowane gefe yakan ci ruwa lita 1,500 ko kusa da haka. In aka haɗa da nauyin bahon kansa da na mutum biyar a ciki, lissafin ya haura tan 2, wato fiye da kilo 500 a kan kowace murabba'in mita. Shi ya sa ba a ajiye shi a kan ciyawa ko turɓaya. Idan gefe ɗaya ya nutse, ruwa ya karkata, jikin bahon ya murɗe har ya tsage.

Ire-iren daɓe

Kankare ne mafi aminci. Ana kwashe ƙasar sama mai laushi, a zuba jar ƙasa ko fasasshen dutse a danne sosai, a shimfiɗa rodi, sannan a zuba kankare mai kaurin aƙalla santimita 10. Haɗin da aka saba shi ne kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Daɓe mai mita 2.5 kowane gefe zai ci kimanin buhu 4 masu kilo 50. A zafin Accra kankare na saurin bushewa daga sama, don haka ake rufe shi da buhunan algarara ana jiƙa su safe da yamma na tsawon mako. Sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa, kuma nan ne masu gaggawa suke yin asara, su cika baho tun daɓen yana ɗanye.

Fasasshen dutse da aka danne aka kewaye shi da gajeriyar katanga yana tsane ruwa da kyau kuma ya fi araha. Bulon intalok, wato ƙananan bulo masu sarƙe juna da ake jerawa a tsakar gida, yana yi in an gyara ƙarƙashinsa. Dandamalin katako kuwa gara ce abokiyar gabarsa. Saman bene sai da izinin injiniya.

Ƙasa da ruwan sama

A wasu sassan filayen gabashin Accra akwai baƙin yumɓu mai kumbura da damina, ya dare da rani, kuma dole a haƙe shi a maye gurbinsa. Unguwannin da ke kusa da rafin Odaw da babban kwalbatin Nima suna fama da ambaliya, kamar ta ranar 3 ga Yuni 2015, saboda haka ana ɗaga daɓen sama da tsakar gida, tunda famfo da injin ɗumama ruwa a gindin bahon suke. A kuma bar hanyar da ruwan wanka zai bi zuwa kwata, kada ya kwanta a gindin katangar maƙwabci.

Magina sun saɓa kan gangara: wasu na son daɓen ya kwanta daidai, wasu na ba shi ɗan karkata kaɗan don ruwa ya zurare.