Ƙasashen da ke tsakanin nahiyoyi biyu

Ƙasar da ke tsakanin nahiyoyi ita ce wadda yankinta ya ratsa nahiya fiye da ɗaya, kamar Masar, Turkiyya, Rasha da Kazakistan, ko wadda taswira ta ajiye ta a wata nahiya amma siyasa da al'ada suka ja ta wata. Babu wata hukuma ɗaya da ke yanke wannan hukunci, kowa da ma'auninsa, masana labarin ƙasa suna duba teku da duwatsu, 'yan siyasa kuma suna duba ƙungiyar da ƙasa ta shiga.

Tarihin iyakokin

Girkawan da ne suka kasa duniya gida uku, Turai da Asiya da Libiya (haka suke kiran Afirka a lokacin). Da yawansu Kogin Nilu suka ɗauka a matsayin iyakar Asiya da Afirka, ka ga ke nan manomi zai kwana a wata nahiya da safe ya hau kwale-kwale ya tafi gonarsa a wata. Masanin tarihin Girka Herodotus, wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, ya soki wannan lissafi saboda ya raba Masar gida biyu alhali mutane ɗaya ne. Daga baya aka maida iyakar zuwa ƴar siririyar ƙasar Suwez, tun kafin a haƙa mashigin ruwan da aka buɗe a 1869.

Ta Turai da Asiya ce ta fi rikici domin babu teku a tsakani, ƙasa ɗaya ce a shimfiɗe. An daɗe ana amfani da Kogin Don, sai a 1730 wani hafsan sojan Suwidin, Strahlenberg, wanda Rashawa suka kama a yaƙin Poltava a 1709 ya yi shekaru yana tsare a Sibiriya, ya kawo shawarar a ɗauki duwatsun Ural, shi ma masanin Rasha Tatishchev ya ce ai shi ya fara faɗa. Shawarar ta yi wa sarakunan Rasha daɗi, don ta sa gidansu a Turai ta bar Sibiriya a matsayin Asiyar da suka mallaka. Duwatsun ma ba wani tsayi gare su ba, mafi tsayinsu bai kai mita 1,900 ba. Kusa da birnin Yekaterinburg akwai ginshiƙi da layi a ƙasa, mutane na tsayawa ƙafa ɗaya a Turai ɗaya a Asiya a ɗauke su hoto.

Masar da Moroko

Sina'i na Asiya ne, kusan kashi 6 cikin 100 na faɗin Masar. Ana danganta wa Khedive Isma'il, mai mulkin Masar a lokacin, cewa wajen 1878 ya ce ƙasarsa ta bar Afirka ta zama yankin Turai, amma Masar ɗin dai tana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963, kuma hedikwatar Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa a Alƙahira take. Moroko kuwa ta fice daga ƙungiyar Afirka a 1984 kan batun Yammacin Sahara, a 1987 Sarki Hassan na II ya nemi shiga ƙungiyar Turai aka ce masa ƙasarsa ba ta Turai ba ce. Ta dawo cikin ƴan'uwa a Tarayyar Afirka a 2017.

Turkiyya da Qubrus

Kashi 3 cikin 100 kacal na Turkiyya ne a Turai, mashigin Bosforus ya raba Istanbul biyu. Ta fara tattaunawar shiga Tarayyar Turai a 2005, har yau shiru. Tsibirin Qubrus kuma da taswira ta sa a Asiya tun 2004 yake cikin Tarayyar.

Ƙwallon ƙafa

Nan kam taswira ba ta da ta cewa. An kori Isra'ila daga hukumar ƙwallon Asiya a 1974, ta zama cikakkiyar mamba a hukumar ƙwallon Turai, UEFA, a 1994. Kazakistan ta koma UEFA a 2002, Ostareliya ta shiga Asiya a 2006 har ta ci kofin nahiyar a 2015.

Yankin Kaukasus

Jojiya da Armeniya da Azarbaijan duk suna Majalisar Turai ta Strasbourg (Council of Europe, wadda daban take da Tarayyar Turai), amma rabe-raben Majalisar Ɗinkin Duniya sun sa su a Yammacin Asiya. Masana ba su daidaita ba.