Addu'a da Ƙuncin Zuciya: Me Ja-gorancin Ruhaniya Yake Yi wa Kirista?

Mene ne ja-gorancin ruhaniya?

Zama ne na mutum biyu, galibi sau ɗaya a wata. Ɗaya yana faɗin yadda addu'arsa take tafiya, ɗayan kuma, fada ne ko sista ko wani dattijon ikkilisiya, yana kasa kunne. Al'adar ta faro tun ƙarni na 4, lokacin da masu ibada a hamadar Masar suke zuwa wurin dattawansu su bayyana musu tunanin da ke damunsu. A ganinsu, tunanin da aka ɓoye ƙarfi yake ƙarawa, wanda aka furta kuwa yakan yi sanyi.

Ta yaya addu'a take taɓa hankalin mutum?

Labarin Ignatius na Loyola, wani soja da ya zama fada a cocin Katolika, ya amsa wannan. A 1521 harsashin igwa ya karya masa ƙafa a yaƙin Pamplona, a Sifaniya. Yana kwance yana jinya sai ya lura da wani abu: in ya yi ta saƙar zuci a kan jarumtaka da suna, daɗin yakan gushe ya bar shi fayau, amma in ya yi tunanin bin sawun tsarkaka, farin cikin yakan daɗe. Daga baya a garin Manresa, can Sifaniya, waswasi a kan zunubansa ya kama shi, har ya yi tunanin hallaka kansa. Ke nan ba daga littafi ya san ƙuncin rai ba.

Abin da ya bar wa mabiyansa addu'a ce gajeriya ta binciken zuciya: ka gode wa Allah, ka waiwayi yininka, ka ga inda zuciyarka ta saki da inda ta ƙuntata, ka roƙi gafara, ka miƙa gobe. Mai yin haka kullum yakan fara gane abin da ke tunzura shi kafin ya fashe. Akwai kuma ƙa'idarsa da nake ganin ta fi kowace amfani: kada ka sauya shawarar da ka yanke alhali kana cikin ƙunci.

In fushi nake yi da Allah fa?

Ka faɗa masa. Zabura 13 da "har yaushe" ta fara, Zabura 88 kuwa cikin duhu ta ƙare, ba a lallashi kowa ba. Ja-gora nagari ba zai yi gaggawar ce maka "yi haƙuri" ba. Zai bar ka ka amayar da abin da ke cikinka tukuna.

Wato addu'a ta wadatar, ba sai an ga likita ba?

A'a. Wanda ya daina barci da cin abinci makonni, ko yake tunanin kashe kansa, asibiti za a kai shi, a ci gaba da addu'a tare da magani. Ja-goran da ya ce wa irin wannan mutum ƙarancin bangaskiya ne ke damunsa, laifi ya ɗora masa a kan ciwo.