Ruwan zartsi na bakin teku: me ya haɗa shi da kogin da ya ratsa Yawuri?

Wane ruwa ne ake kira na zartsi?

Shi ne inda ruwan kogi ya gauraya da na teku. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, ruwan daɗi irin na Matan Fada a Argungu bai kai rabin giram ba. Abin da ke tsakani, daga rabin giram zuwa 30, shi ne zartsi. A Najeriya ana samunsa a Neja Delta da tafkin Legas.

To ina ruwan mutumin Kebbi da shi?

Ruwan Rima da na kogin Zamfara duk Neja suke zuba, su wuce Yawuri, su bi ta Kainji da Jebba, su haɗu da Binuwai a Lakwaja, sannan su isa teku. Idan kogi ya cika da damina sai ya tura gishiri baya, da rani kuma gishiri ya kutso cikin ƙoramu. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, wani ɓangare na laka da yashin da kogi ke ɗauka yana kwanciya a bayanta, alhali da wannan lakar ce gaɓar teku ke ginuwa. Busasshen kifin bonga da jatan landen da ake aunawa a kasuwar Birnin Kebbi ma, yawancinsu a irin wannan ruwa suka tashi, a tsakanin saiwoyin mangurob, itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan zartsi a bakin teku.

Yaya masu bincike ke auna ruwan?

Nan aikin yake. Teku na cika ta janye sau biyu a yini, don haka awo ɗaya ba ya nuna komai. Ana auna wuri guda lokacin cika da lokacin janyewa, da damina da rani. Ana ɗibar ruwan sama da na ƙasa daban, domin ruwan gishiri ya fi nauyi, yakan kwanta a ƙasa ruwan daɗi na gudana a kansa. Wanda ya tsaya a sama sai ya rubuta cewa wurin ba gishiri.

Gishirin da wata 'yar na'ura mai suna rifaraktomita ake duba shi: ɗigo biyu a kan gilashi, a leƙa ta fuskar haske. Kafin nan sai an daidaita na'urar da tataccen ruwa ta nuna sifili, in ba haka ba duk lissafin ranar ya ɓaci. Iskar oksijin kuwa a wurin ake aunawa, da asuba ta fi ƙaranci. Idan ta sauka ƙasa da miligiram 2 a lita, kifi ya gudu ko ya mutu. Kumfar iska ɗaya a cikin kwalbar da aka ɗibi ruwan awo ta isa ta ba da amsar ƙarya. Samfurin ƙananan tsirran ruwa ana sa shi a ƙanƙara cikin duhu.

Me ya sa tarwaɗa ba ta rayuwa a teku?

Gishirin waje na janye ruwan jikinta ta inda take numfashi, ta bushe tana cikin ruwa. Akwai dai wata karfasa mai baƙin haɓa a tafkin Legas da ke jure hawa da saukar gishiri.

Su wa ke wannan bincike?

Cibiyar NIOMR da ke Legas, wadda aka kafa a 1975, ita ke kula da teku da ruwan zartsi. Ta ruwan daɗi, NIFFR, tana New Bussa kusa da Kainji.