Rajistar layi da sunan uba ba ta ba shi damar sauraron kira

Iyaye da dama a Sakkwato sun daɗe suna zaton cewa muddin uba ya yi wa ɗansa rajistar layi da sunansa, kamfanin sadarwa zai ba shi muryoyin hirarrakin yaron idan ya nema. Ba haka lamarin yake ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin maganar waya, kuma ƙa'idojin Hukumar Sadarwa ta Najeriya (NCC) na 2019 sun keɓe tatsar kira ga hukumomin tsaro, bisa sammacin alƙali. Lambar *21* da ake yayatawa cewa ana sauraron kiran wani da ita ma ba ta sauraro, karkatar da kira kawai take yi, har wayar yaron ta daina ƙara, ya gane.